Kun Tambaya: Yadda abokan gaba suka haɗu suka ga bayan agana

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan agana suke, don haka na tattara su wuri guda. Saboda matasan da ba su riske ta ba: cuta ce mai zazzaɓi mai zafi, sannan ƙuraje masu ruwa su feso wa mutum tun daga fuska har tafin ƙafa. Mai tsananin cikinta takan kashe kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama, wanda ya tsira kuma ta bar shi da zanzana, wani ma ta tafi da idanunsa. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta kashe mutum miliyan 300.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Na ji an ce Amurka da Tarayyar Sobiyet ne suka haɗa kai wajen kawar da agana. Ta yaya hakan ya yiwu alhali suna tsakiyar yaƙin cacar baka, kowa yana auna ɗan'uwansa da makamin nukiliya? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, ka gaya wa ɗalibanka tun farko cewa ba ƙauna ce ta haɗa su ba. Kowa akwai abin da yake so, sai Allah ya sa buƙatun suka haɗu a kan abu mai amfani.

A cikin su biyun, Sobiyet ce ta fara kawo maganar. Ta yi fushi ta ƙaurace wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1949, sai bayan mutuwar Stalin ta dawo. A 1958 aka yi babban taron hukumar a Minneapolis, cikin Amurka, inda mataimakin ministan lafiya na Sobiyet, Viktor Zhdanov, ya miƙe ya ce a tashi a kawar da agana daga duniya baki ɗaya. Mutumin ya san inda yake tsaye, domin a cikin bayaninsa sai ya ɗauko wasiƙar da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya rubuta wa Edward Jenner, likitan Ingila da ya fara lambar agana, wato rigakafinta, a 1796. Wato ya yi wa masu masauki hujja da maganar kakansu. Ya kuma yi alkawarin ƙasarsa za ta ba da rigakafi na mutum miliyan 25.

Me ya tsone wa Sobiyet ido? Abu biyu. Na farko, tana neman farin jini a wurin ƙasashen Afirka da Asiya da ke samun 'yancin kai a lokacin. Na biyu, ta kawar da cutar a gidanta tun shekarun 1930, amma kullum sai an shigo mata da ita daga maƙwabta na kudu. A ƙarshen 1959 wani mai zane ya dawo Mosko daga Indiya ɗauke da ita, ya mutu, ya bar ta a gari, sai da aka yi wa miliyoyin mutane lamba cikin 'yan makonni kafin hankali ya kwanta.

An amince da shawarar a 1959, amma amincewar baka ce. Hankalin hukumar da kuɗinta duk suna kan wani yaƙin, na zazzaɓin cizon sauro, wanda aka ƙaddamar a 1955 kuma Amurka ce uwa da makarɓiyarsa. Shekara bakwai shirin agana yana ɗan lungu a hedkwatar hukumar da ke Janiba, ma'aikata ba su cika hannu ba, kuɗi kuwa ba a magana.

Abin ya sauya a 1965. Yaƙin sauro ya fara ci tura, sauro ya daina jin maganin feshi na DDT a wurare da dama. Shugaba Lyndon Johnson kuma yana ƙara dulmuya a Biyetnam, sunan ƙasarsa yana ɓaci, ga shi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana shekarar a matsayin ta haɗin kan ƙasa da ƙasa. Yana neman abin alheri da zai nuna. Ban da haka, rabon Amurka da agana tun 1949, amma duk shekara tana kashe maƙudan kuɗi wajen yi wa 'ya'yanta lamba da binciken matafiya a tashoshi. In cutar ta mutu a ko'ina, wannan nauyi ya sauka. Sai Johnson ya sanar da goyon baya, ya kuma amince da wani shiri na ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya wanda ya kai ga ƙasashe 20. A nan akwai wata siyasar da ba a cika faɗa ba: da yawa daga gwamnatocin yankin ƙyanda ce ta fi damunsu, domin ita ke kwashe musu yara. Sai aka ƙulle biyun wuri ɗaya, ana allurar ƙyanda ana lambar agana, kowa ya samu abin da yake so.

Duk da haka da ƙyar aka sha. A taron 1966, kasafin dala miliyan 2.4 a shekara da aka nema ya tsallake ne da ƙuri'a biyu kacal. Shugaban hukumar na lokacin, Marcolino Candau ɗan Barazil, bai yarda abin zai yiwu ba. D. A. Henderson, likitan Amurka da aka ɗora a kan shirin, shi da kansa ya ba da labarin cewa Candau ya nace sai Ba'amurke ne zai riƙe aikin, don in ya rushe laifin ya hau kan Amurka. Da wannan zuciyar aka fara a Janairun 1967, a lokacin da cutar ke zaune daram a ƙasashe 31, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara, tana kashe kusan miliyan 2.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'aikatan ɓangarorin biyu suka riƙe juna a ƙasa, manyansu na sama suna ta zage-zage. Sobiyet ta ba da rigakafi sama da na mutum biliyan 1.4 a tsawon aikin, babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Amurka ta kawo kuɗi da ƙwararrun cibiyarta ta yaƙi da cututtuka, CDC. Ɓawon ƙurji da aka ɗebo daga wani ƙauye sai a aika shi ko dai Atlanta, inda CDC take, ko ɗakin gwaje-gwajen Svetlana Marennikova a Mosko, kuma kowa ya yarda da sakamakon ɗan'uwansa. Da aka gano wani kaso na maganin Sobiyet bai kai ƙarfin da ake so ba, Henderson bai kira 'yan jarida ba. Ya tafi Mosko aka yi magana a ɗaki, suka gyara. A 1968 tankokin Sobiyet suka shiga Prague, babban birnin Chekoslobakiya, Amurka kuma tana ruwan bama-bamai a Biyetnam, amma akwatunan maganin ba su daina tafiya ba. Ni dai a ganina sirrin shi ne an taƙaita abin da aka haɗu a kai. Ba a ce sai an shirya a kan komai ba. Cuta ɗaya ce, kuma ma'aunin nasara ɗaya ne wanda ba ya karɓar gardama: mutum nawa ta kama a wannan makon?

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibar aikin jinya ce. Shin kowane mutum a duniya aka yi wa lamba kafin cutar ta ƙare?

AMSA: A'a, 'yata, kuma da an dage a kan haka da wataƙila har yau ana fama. Tsarin farko shi ne a yi wa kashi 80 cikin 100 na jama'ar kowace ƙasa. A wuri mai cunkoso kamar Indiya, kashi 20 ɗin da suka rage sun ishi cutar ta ci gaba da yawo.

Kafin ma a kai nan sai da aka gyara kayan aiki. A farkon shirin, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na maganin da ake amfani da shi ne ya cika sharuɗɗa. Aka sa ɗakunan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Toronto ta Kanada ɗaya a Holan, su riƙa auna na kowa, aka kuma koya wa ƙasashen da cutar take cikinsu yin nasu. Busasshen magani ake yi, wanda Leslie Collier ya inganta a Ingila, yana jure zafi har tsawon wata guda ba firij. Sai allurar, wadda ke da ma'aikatan lafiya ya kamata ku sani. Ɗan siririn ƙarfe ne bai fi tsawon yatsa ba, bakinsa a rabe biyu. Ka tsoma shi a kwalba, ɗigo ɗaya ya maƙale tsakanin bakin biyun, ka riƙe damtsen mutum ka ɗan ja fatar, ka caccaka sau 15 da sauri har ka ga alamar jini ta tsattsafo. Shi ke nan. Da yamma a tafasa alluran, gobe a sake aiki da su. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana iya koyonsa kafin rana ta take, kuma kwalbar da a da take isar mutum 25 sai ta ishi 100. Benjamin Rubin ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Wyeth, kamfanin kuma ya yafe wa hukumar kuɗin haƙƙin mallaka. Tabon da take bari yana nan a damtsena na hagu, kuma shi ne takardar shaida a wancan zamani: ma'aikaci ya ɗaga hannun rigarka ya gani, ba sai an tambayi kati ba.

Dabarar da ta juya yaƙin kuwa a gabashin Nijeriya aka ga ƙarfinta. A Disambar 1966 agana ta ɓarke a yankin Ogoja, maganin da ke hannun likita William Foege bai kai ya kawo ba. Sai ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, ya roƙi kowa ya tura 'yan aike ƙauyukan da ke kewaye da shi su dawo da labarin inda ake da mai ciwon. Da labari ya zo, aka zuba ɗan maganin a kan waɗannan ƙauyuka, da kasuwanni da garuruwan dangi inda ake zaton masu ɗauke da ita za su nufa. Kamar dai manomin da ya hango gobarar daji, bai bi wutar da bokiti ba, ya share ciyawar da ke gabanta. Cutar ta mutu a yankin alhali ko rabin jama'a ba a yi wa lamba ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, amma aikin bai tsaya ba, kuma zuwa 1970 an gama da agana a duk ƙasashe 20 ɗin. Barazil ta biyo baya a 1971, Indunusiya a 1972.

Indiya ce ta fi ba da wuya. Daga ƙarshen 1973 aka shiga bin gida-gida, mako guda a kowane wata, da ma'aikata sama da 100,000. Kowa yana riƙe da kati mai hoton yaro da ƙurajen, ya nuna a makaranta ko a kasuwa ya ce, wa ya ga mai irin wannan? Zagayen farko kaɗai ya tono kusan mutum 10,000 a jihohin Bihar da Uttar Pradesh, inda rahoton hukuma ke nuna 'yan ɗaruruwa. In an samu mai ciwon sai a sa masu gadi a ƙofar gidan dare da rana, a kawo wa iyalin abinci don kada yunwa ta fitar da kowa, a rubuta sunan duk wanda ke zaune kusa a yi masa lamba. An kuma sa tukuici ga wanda ya kawo labari, daga rupi 50 har ya kai 1,000. Wannan tukuicin ya gyara wata tsohuwar cuta ta ofis: a da ma'aikaci ɓoye rahoto yake yi don kada a ce bai yi aikinsa ba, yanzu kuwa rahoton ne ke kawo masa lada.

TAMBAYA: Malam, kullum sunan Turawa ake kira a wannan labari. Su ne suka biya, su ne suka yi aikin? Kuma gaskiya ne an tilasta wa mutane? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya, tambayarki ta taɓa inda ke yi mini ƙaiƙayi. Aikin gaba ɗaya daga 1967 ya ci kimanin dala miliyan 300, kuma kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi daga aljihun ƙasashen da ke fama da cutar ya fito. Gudummawar waje ba ta kai miliyan 100 ba. Baƙin ƙwararru 'yan ɗaruruwa ne, 'yan ƙasa kuwa da suka taka da ƙafa, suka hau keke da kwalekwale da raƙumi, sun haura 150,000. A Indiya akwai M. I. D. Sharma da R. N. Basu da Mahendra Dutta, waɗanda suka yi ta fama da gwamnatocin jihohi. A Habasha Ciro de Quadros ne, ɗan Barazil. Wanda ya karɓi ragamar shirin daga Henderson ya kai shi ƙarshe, Isao Arita, ɗan Japan ne.

Siyasar cikin gida ma ta yi rawa. A 1974 agana ta kama sama da mutum 188,000 a Indiya. A watan Mayun shekarar ƙasar ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko, 'yan jaridar duniya suka yi dafifi, sai suka ci karo da annobar Bihar suka baza ta. Kunyar a ce ƙasa mai nukiliya ta kasa agana ta zaburar da gwamnati. Kamfanin Tata ya ba da motoci da ma'aikata bayan an nuna masa cewa daga tashar jirgin ƙasa ta garinsa cutar ke bazuwa, Suwidin kuma ta kawo kuɗi a daidai lokacin da asusu ya ƙafe.

Maganar tilas kuwa gaskiya ce, ba zan rufe miki ba. A matakin ƙarshe a Indiya da Bangaladash an fasa ƙofofi da dare, an danne mutane an yi musu lamba suna ihu. Wasu ma'aikatan da suka yi hakan da bakinsu suka faɗa daga baya. Akwai masu bautar Sitala, wadda suka ɗauka ita ce mai agana, akwai kuma matalautan da suka san in an killace su ba mai ciyar da 'ya'yansu. Na yi aikin lafiya, na san zafin ka ga mutum ɗaya yana neman ɓata wahalar shekaru. Kuma na tashi na ga gwaggota da agana ta makantar tun tana yarinya, tana laluben bango har ta koma ga Allah, don haka ba ni da sassauci ga wannan cuta. Amma ban yarda danniya ce ta kawo nasara ba. Inda aka zauna da masu unguwa da malamai, aka ɗauki 'ya'yan gari aiki, aka ciyar da wanda aka killace, an fi saurin gamawa. Ƙofar da aka fasa kuma, mai gidan ba ya mantawa, ma'aikacin da zai zo bayan shekara ashirin da wani maganin shi ke biyan bashin.

TAMBAYA: Wane ne mutum na ƙarshe da agana ta kama? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, mutum uku za ka riƙe. Ta ƙarshe da mai tsananin ta kama a cikin jama'a ita ce Rahima Banu, ƙaramar yarinya a tsibirin Bhola na Bangaladash, a Oktoban 1975. Wata yarinya mai shekara 8 ce ta kai labarinta aka ba ta tukuicin taka 250, kuɗin ƙasar. Rahima ta warke. Ka lura, ƙasar ta rabu da cutar a 1970, yaƙin 1971 ne ya kora mutum kusan miliyan 10 zuwa Indiya, suka kwaso ta a sansanonin gudun hijira suka dawo da ita gida.

Daga nan saura kusurwar Afirka. Habasha ba ta shiga aikin sosai ba sai 1971, aka hamɓarar da Sarki Haile Selassie a 1974 ana tsakiyar aiki, aka gama a 1976. Amma makiyaya sun riga sun tsallaka da ita Somaliya, hukumomin can suka yi ta ɓoyewa har ta kama sama da mutum 3,000 a 1977, ga yaƙin Ogaden tsakaninta da Habasha, ga fargabar kada alhazai su kai ta Makka ta sake watsuwa duniya. Na ƙarshe da ya kamu a cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka. Ya shiga mota na 'yan mintoci don ya nuna wa direba hanyar inda ake killace wasu yara biyu masu ciwon. Ba a yi masa lamba ba, ya ce tsoron allura ne ya sa ya zille. Ƙurajensa sun fito ranar 26 ga Oktoba, 1977, aka fara cewa ƙarambau ne. Ya warke, daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna yana ba iyaye labarin kansa, kuma yana kan wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a 2013. Allah ya jiƙansa.

Ta ukun ita ce Janet Parker, mai ɗaukar hoto a makarantar likitanci ta Birmingham a Ingila, wadda ta kamu a 1978 a ginin da ake ajiye ƙwayar cutar don bincike, ta rasu a Satumba. Bayan shekara biyu da kamuwar Ali ana bincike lungu-lungu, har da tukuicin dala 1,000 ga duk wanda ya nuna mai agana, ƙwararru ƙarƙashin Frank Fenner suka sa hannu ranar 9 ga Disamba, 1979, babban taron hukumar kuma ya ayyana ƙarshenta ranar 8 ga Mayu, 1980.

TAMBAYA: To me ya hana a yi wa shan inna da zazzaɓin cizon sauro haka? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, agana ta zo da sauƙin da sauran ba su da shi. Jikin mutum kaɗai take zama, ba ta ɓuya a dabba ko sauro. Duk wanda ta kama ana gani a fuskarsa, lamba ɗaya kuma tana karewa shekaru. Shan inna kuwa yakan kama yara ɗaruruwa ba alama kafin ya shanye ƙafar ɗaya, kuma sai an maimaita ɗigon sau da yawa. An fara yaƙinsa a 1988, an tabbatar Afirka ta rabu da na asalin, wato wanda ba daga ɗigon rigakafi ya samo asali ba, a 2020, saura Afganistan da Pakistan. A can kuma an zubar da abin da ma'aikatan agana suka tsare: a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi na bogi wajen farautar Usama bin Laden a Abbottabad, bayan haka aka shiga harbe masu ɗiga wa yara magani. Wannan ɓarna ce da nake jin ciwonta har yanzu. Cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa ta dabbobi ce, bushiya mai kashe shanu, a 2011.

TAMBAYA: Malam, an ce har yanzu akwai ƙwayar agana a ajiye. Don me ba a ƙone ta ba? Daga wani tsohon soja.

AMSA: Gaskiya ne, Yallaɓai. Bayan abin da ya faru a Birmingham aka matsa wa ɗakunan bincike su lalata tasu ko su miƙa, har ya rage wuri biyu: CDC a Atlanta, da Rasha, inda yanzu take a cibiyar Vector kusa da Novosibirsk. Hukumar Lafiya ta Duniya tana zuwa duba su lokaci-lokaci. An sa ranar ƙonewa a 1993, aka ɗaga, aka sa 1999, aka ɗaga zuwa 2002, daga nan aka bar sa rana.

A nan ne za ka ga iyakar amanar da na yaba a amsar farko. A 1992 Ken Alibek, babban jami'i a shirin makaman ƙwayoyin cuta na Sobiyet, ya tsere zuwa Amurka ya bayyana cewa a daidai shekarun da ƙasarsa ke raba rigakafi kyauta, wani sashe na sojinta yana noma ƙwayar aganar don yaƙi, duk da ta sa hannu a yarjejeniyar 1972 da ta haramta irin wannan makami. Tun daga nan kowa ke cewa ba zai ƙone tasa ba, don bai san abin da ke ɓoye a wani wuri ba. Hujjar masu ajiyewa ita ce bincike, kuma ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya: a 2018 Amurka ta amince da maganin farko na warkar da mai agana, tecovirimat. Suna kuma nuna cewa a 2014 an tsinci tsofaffin kwalabe masu ƙwayar a wani ɗakin ajiya na gwamnati kusa da Washinton, an manta da su tun shekarun 1950, sannan masana a Kanada sun harhaɗa 'yar'uwarta ta dawaki daga sinadarai, abin da ke nuna ƙonewa ba ta rufe ƙofa ruf.

Duk na ji, amma ni ina tare da masu cewa a ƙone. An riga an karanta tsarin halittar ƙwayar an adana, akwai rigakafi, akwai magani. Tun kusan 1980 aka daina yi wa yara lamba, ke nan mafi yawan mutanen duniya yau ba su da kariya ko kaɗan, kuma ko a 2019 an samu fashewar tukunyar gas a wani ginin cibiyar Vector, ko da yake hukumomi sun ce babu ƙwayar cuta a ɗakin. Abu na biyu da ke damuna shi ne wa ke yanke hukunci. Indiya da Bangaladash da Habasha da Somaliya da Nijeriya, waɗanda suka binne 'ya'yansu suka kuma biya mafi yawan kuɗin, ba su riƙe da mabuɗin ko ɗaya daga cikin firij biyun. In ƙasashe biyun sun ƙi ƙonewa, mafi ƙaranci su yarda a mayar da ajiyar ƙarƙashin ikon hukumar kai tsaye, da masu sa ido daga ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna, a kuma rubuta a fili rabon da kowace ƙasa za ta samu daga rigakafin da aka tara in wani abu ya faru. Wannan magana ta ƙara wuya tun da Amurka ta sanar a Janairun 2025 cewa za ta fice daga hukumar, alhali ɗaya daga cikin firij biyun a ƙasarta yake.